Bikon Barira a Shekarar Ebola

Ko da zan manta da komai na shekarar da aka yi ta maganar Ebola, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je bikon matata a Gidan Sori ba. Har yau in na tuna sai in ji zufa ta karyo mini a tsakiyar baya. Gara in ba da labarin da bakina, tunda ko na yi shiru surukaina suna can suna bayarwa, kuma nasu ya fi nawa gishiri.

A lokacin ina da 'yar rumfa a bakin tashar Gazawa, ina cajin salula, ina zuba wa samari waƙoƙi a kati. Wanda bai san wannan sana'a ba zai ɗauka zaman lafiya ce. To duk jita-jitar da ta tsallako iyaka, a rumfata take fara sauke kaya. Direba ya zo ya ce cutar ta shigo Ikko. Ɗan kabu-kabu ya ce ai ta wuce nan, ana ɓoyewa ne. Wani ya miƙo salula ya nuna mini hoton mutane cikin fararen kaya, tun daga kai har ƙafa, suna ɗauke da gawa a leda. Rediyo kuma tun safe take faɗa: zazzaɓi, jan ido, amai, jini ta hanci, tana iya ɓuya a jiki har sati uku, a daina musabaha, a yi hankali da yawu da zufar wani. (Ni kuwa, in faɗa muku gaskiya, tun ina yaro matsoraci ne. Ko allurar rigakafi aka zo yi a lakol, wato makarantar boko, sai an ciro ni daga bayan rumbu.)

Nan da nan na rikice. Na sayi ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta na cika buta, duk salular da aka ba ni sai na goge ta. Na daina ba kowa hannu, sai dai in dafe ƙirji daga nesa kamar wani babban malami. Ranar da labari ya zo daga Katsina cewa a yi wanka da gishiri, ni na fara a unguwarmu, har na kurɓi kaɗan don ƙarin tabbaci. Matata Barira tana zaune tana ba jaririyarmu nono, ta dube ni ta ce, "Kai dai yi naka. Amma wallahi ba mai sa mini ɗiya a gishiri kamar kilishi." Wata uku ke nan da haihuwar yarinyar, ita ce ta farinmu, kuma duk wannan hauka tawa saboda ita ce.

Ana cikin haka sai ga Yaya Lawali, wan Barira, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi mai kai dabbobi Ikko ne, ya daɗe a can, bai samu zuwa suna ba. Yana dawowa gida don girbi sai ya karkata hanya ya biyo ta Gazawa, takanas don ya ga ƙanwarsa. Na dawo daga tasha da la'asar na iske shi a tsakar gida kan tabarma, ga ƙurar hanya a jikinsa, yana shan ruwa a kofin silba na kayan ɗakin Barira, wanda ba ta fito da shi sai ga babban baƙo. Daga Ikko! Na tsaya a bakin ƙofa. Ya miƙo hannu yana fara'a, ni kuwa na dafe ƙirji na yi ta jero gaisuwa daga inda nake.

Da ya shiga kewaye yin alwala, sai na lallaɓa na sa tsinke biyu na ɗauki kofin nan, na zagaya na jefa shi a masai. Ban taɓa sanin kofin silba yana da ƙara haka ba. Sai da ya bugi gefen rami sau biyu kafin ya isa ƙasa, kuma tsakanin masai da wurin alwala zana ɗaya ce. Na juyo, ga Barira tsaye da kwanon tuwo a hannu tana kallona. Yaya Lawali ya fito ya yi sallarsa, ya ce yana sauri ya kama motar Maraɗi, ko tuwon bai taɓa ba. Washegari na dawo cin abincin rana na iske ɗaki a kulle, makulli wurin maƙwabciya. Barira ta goya 'yarta ta bi ɗan'uwanta gida.

Kwanakin farko na yi ta cika baki, wai ni ke da gaskiya, zuciya ce za ta huce. Shiru. Na kira salularta, a kashe. Na aika da sabulu da turmin atamfa, aka dawo mini da su ko ledar ba a kwance ba. Nan fa ido ya fara faɗawa. Na je wurin Kawu Illa, ƙanen mahaifiyata, wanda shi ya nema mini auren tun farko. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "A masai? Kofin da wanta ya sha ruwa?" Na ce, "Kawu, rediyo ce ta ce..." Ya ce, "Rediyo ta aura maka mata? Tashi ka nemo babbar riga da goro. Da kai za mu, don wannan ba ta aike ba ce. In ba mu yi da gaske ba, auren nan ya tafi."

Na ari babbar riga wurin wani abokina tela, fara, mai aiki a wuya da ƙaton aljihu a ƙirji. Na cusa ledar goro a ciki muka kama hanya. Tafiyar nan kaɗai ta isa azaba. An matse mu a mota, wani mai albasa yana ta zufa a kafaɗata, wata tsohuwa tana tari a ƙeyata. A shingen Agiye jandarma ya karɓi katina na ɗan ƙasa, ya lashi yatsa ya buɗe wata takarda, ya miƙo mini abina, na karɓa da bakin riga. Muka wuce Maraɗi, muka sauka Tibiri, muka hau kabu-kabu zuwa Gidan Sori. Duk hanya addu'a ɗaya nake yi, Allah ya sa Yaya Lawali ya tafi gona.

Yana nan. Shi ya ma shimfiɗa mana tabarma a zaure. Da na dube shi sai na ga idanunsa jajawur, hanci yana zuba, yana ta atishawa yana sharewa da bayan hannu. (Daga baya na ji sussukar gero suka wuni yi, ƙaiƙayi ne ya shige shi. Amma a lokacin wa zai gaya mini? Ni dai na ga duk abin da rediyo ta lissafa, jinin kawai ya rage.)

Surukina, Baba Kane, ya fito ya zauna kan buzunsa. Dattijo ne mai magana a hankali, irin waɗanda ba su ɗaga murya don ba su da bukata. Na durƙusa can nesa, na zazzage goron a faifai na tura gabansa, na mayar da ledar aljihu. Kawu Illa ya yi ta ba da haƙuri, ya ce yarinta ce, ya ce tsoro ne, ya ce kowa ya san halin da ake ciki a ƙasa. Baba Kane ya bari har ya ƙare.

"Illa, mun ji," in ji shi. "Tsoron ciwo ba laihi ba na. Mu ma muna jin rediyo. Amma ɗana ya zaka gidan ƙanwa tai, anka ɗauke shi kamar mushe. Wanga shi na abin da yac ci muna rai." Ya juya wajen ƙofar cikin gida ya ce, "Ku kawo hura."

Aka kawo fura a babbar ƙwarya, an dama ta da nono, ga ludayi guda ɗaya tal yana yawo a kai. Baba Kane ya ce, "Mu nan gidan, in anka yi ɓaci, ba mu da dogon zance. Waɗanda sunka ɓata su sha ƙwarya guda, ludayi guda. In sun sha, magana ta mutu, yarinya ta bi mijinta. Lawali, hwara."

Yaya Lawali ya ja ƙwaryar, ya cika ludayi ya kurɓa, ya yi wata atishawa a gefe, ya sake kurɓa. Sannan ya miƙo mini. Na ga inda leɓensa ya taɓa, yana ƙyalli.

Jama'a, na shiga uku. In na sha, a ganina na sha ajalina, kuma in kai wa jaririya. In na ƙi, na koma Gazawa ba mata ba 'ya. Na dubi Kawu Illa, ya zare mini ido. Sai wata dabara ta faɗo mini, irin dabarar da Shaiɗan ke ba mutum kyauta. Kowa ya san suruki ba ya cin abinci gaba da gaba da uban matarsa. Sai na sunkuyar da kai, na juya fuska wajen bango, na ɗaga hannun babbar riga na yi labule da shi, wai ni mai kunya. A bayan labulen nan na buɗe bakin ledar goro da ke aljihu, na tuttule furar a ciki, na yi ƙarar kurɓa da baki, har da ɗan gyaran murya. Na juyo na miƙa ludayi.

"Madalla," in ji Baba Kane. "Yaron akwai kunya. Ƙara mishi, Lawali, ya sha hanya."

Aka ƙara mini. Aka sake ƙarawa. Ludayi yana zuwa yana dawowa, ni ina juyawa bango ina ɗura wa leda. Tun ina jin sanyinta kaɗan a ƙirji har ta yi nauyi, wuyan riga ya fara rinjaya gefe guda. Na sa hannun hagu na tallafe ta daga ƙasa, kamar mai ciwon zuciya. Kawu Illa yana ta murmushi, har yana cewa, "Ai shi da fura ba dama." A raina kuwa ina ta yaba wa kaina. Na ce lallai ni mai basira ne, na tsira da rai, na tsira da mata.

Baba Kane ya ɗaga hannu aka yi fatiha. Ya ce a gaya wa Barira ta haɗa kayanta. Na ji motsin mata a bayan zana, ashe duk suna nan suna leƙe. Na yunƙura a hankali zan tashi, ina riƙe da ƙirji. Sai na ga Yaya Lawali ya miƙe, jajayen idanun nan sun kawo ruwa.

"Wallahi na ji zahin abin da ka yi mini," in ji shi. "Amma yau ka wanke shi. Zo nan, ƙanena!"

Mu nan hannu muke bayarwa. Runguma ɗabi'ar da ya koyo a Ikko ce. Kafin in ce wani abu ya buɗe hannuwa ya jawo ni, mutumin da ke kayar da bijimi shi kaɗai, ya matse ni a ƙirjinsa da dukkan ƙarfinsa.

Fus!

Wani sashe na furar ya yi sama ta wuyan riga ya wanke mini haɓa da gemu. Wani ya fesa a rigar Yaya Lawali. Sauran ya bi cikina ya gangara ta wando, ya taru a tabarma tsakanin ƙafafuna, fari fat, da gudajin gero a ciki. Ya sake ni ya ja da baya yana duban ƙirjinsa. Wata kaza ta shigo ta fara tsattsagar gudajin a kan yatsun ƙafata, ban ko iya korar ta ba. Ga bakin leda ya leƙo daga aljihu yana ɗiga.

Daga bayan zana wata ta ce, "La ilaha! A aljihu ya zuba ta!" Sai dariya ta ɓarke, irin wadda ake toshe baki tana fita ta hanci. Kawu Illa ya cire hula ya rufe fuska da ita. Ni kuwa na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Baba Kane bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi komai tsorata ni. Ya dubi furar da ke ƙasa, ya dube ni, ya jawo takalmansa. "Illa," in ji shi, "ku gaida gida. A ce ma yarinya ta kwance kayanta."

A nan ne wani abu ya tsinke mini. Na ga ɗakin nan na Gazawa a kulle, na ga yarinyata tana girma a gidan nan tana kiran wani Baba. Ban san lokacin da na zube a gwiwa na rarumo ƙwaryar ba. Na kafa kai a daidai gefen da ke gaban Yaya Lawali, na yi ta kwankwaɗa ba numfashi, fura tana bin gefen bakina, hawaye suna bin kumatu. Na shanye tas. Na ɗauki ludayin na lashe shi ciki da baya, a gaban surukina, ba labule ba kunya. Sannan na ce, "Baba, tsoro nake ji. Wallahi har yanzu tsoro nake ji. Amma ga shi na sha."

Yaya Lawali ne ya fara fashewa da dariya, har yana riƙe bango, atishawa tana katse shi. Baba Kane ya dube ni, ya saki takalman. "To," in ji shi. "Da ka hwaɗi haka tun Gazawa, da ba mu yi asarar hura ba." Ya aika a tambayi Barira.

Ƙanwar mahaifiyarta ce ta leƙo da amsa, tana ta danne dariya. "Ta ce ta ji, ta haƙura. Amma tunda ya sha ludayi guda da mutumen Ikko, shi koma shi zauna shi kaɗai sati ukun da rediyo ka hwaɗi. In bai mutu ba, tana tahe."

Na ce to, wannan gaskiya ne, haka ya kamata. Sai da muka kai Tibiri, ina bisa kabu-kabu riga ta bushe ta yi ƙamas tana tsami, ƙudaje suna rakiya, sannan Kawu Illa ya waiwayo ya ce, "Kai, wai ita ba gida ɗaya take kwana da Lawalin ba?" Sai a lokacin na gane horo ne.

Amma gane horo bai hana ni tsoro ba. Furar da na ɗura wa ciki ta murɗa ni tun a mota, na ce shi ke nan, ta fara. Kullum da safe sai in taɓa goshi, in ja fatar ido a madubi, in fyace hanci in duba. Na yafe wa mutanen da ba su ma san sun yi mini laifi ba. Ga gida shiru, ba kukan jaririya, ba ƙarar turmi. Tun ina lissafin kwanakin da cuta ke ɗauka kafin ta fito, har na wayi gari ina lissafin kwanakin da suka rage Barira ta dawo, na ma manta da goshin.

Ta dawo ranar kasuwa, Yaya Lawali ne ya rako ta, garau da shi, ido fari. Bayan ya tafi na zauna ina riƙe da yarinyata, ta yi nauyi, har ta fara dariya. Bakina da bai iya shiru ba sai na ce, "Amma dai ki yarda, cutar nan gaskiya ce. Mutane sun mutu da yawa, har da masu ba da magani. Da a ce Yaya ya ɗauko cutar fa?"

Barira tana ninke zannuwa, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Wa ya ce maka ƙarya ce? Kai kaɗai ka haihu? Tun ranar da ya zo har kwanakin nan suka cika, ban bar shi ya ɗauki yarinyar nan ba ko sau ɗaya. In ya miƙo hannu in ce barci take. In ya dawo in ce yanzu ta sha nono, za ta yi masa tumbuɗi. Kwanonsa daban nake wankewa, da ruwan zafi, in ce don shi babba ne. Har yau bai sani ba, kuma har yau yana sa mini albarka."

Ashe duk haukar da nake yi, ita ta fi ni tsoro, ta kuma fi ni tsare yarinyar, ba tare da ta zubar da mutuncin kowa ba. Cutar ba ta iso mu ba, Allah ya kiyaye, kuma ko gobe aka ce wata ta ɓullo zan ji tsoro, ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da na koya shi ne, tsoro ba hauka ba ne, amma akwai mai iya shi akwai wanda bai iya ba. Yanzu duk abin da rediyo ta faɗa, kafin in yi wata dabara sai na fara zuwa gida na tambayi Barira yadda ake yi.